Kayan gwarin da ake kawowa har gida a Gombe: yaya zan saya ban yi asara ba, kuma yaya zan dafa su?

Maman Ilham, Tumfure

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Tumfure, kuma tun da aka mayar da ni wata makaranta a ɓangaren Pantami na rasa lokacin shiga kasuwa, domin ina fita kafin ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar, lokacin da abin da ya rage a teburin mai kayan miya shi ne wanda rana ta gama dafawa. Maigidana yana aiki a Bajoga, sai ƙarshen mako yake zuwa, saboda haka cefane ya dawo wuyana gaba ɗaya.

A watan Satumba wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani mai kawo kayan gwari har gida, wanda yake karɓar saƙo ta WhatsApp, ya kuma ce daga lambunan Dadin Kowa yake ɗauko kayansa kai tsaye. Zuwa biyu na farko ban ga abin kushewa ba. Alayyafon ya iso da saiwarsa da ɗanyar ƙasa a jiki, tumatirin kuwa da koren hancinsa, har ƙamshin ganyen yana tashi idan an buɗe kwandon. A zuwa na uku, cikin Oktoba, na yi ƙarfin hali na sayi ƙaramin kwando guda. Na tura kuɗin tun da dare, yaron ya kawo a kan mashin da yamma, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Saman kwandon gwanin sha'awa, amma da na ɗaga shi sai na tarar ruwa ya riga ya kwanta a ƙarƙashinsa a kan siminti. Da na juye a tire, kusan kashi ɗaya cikin uku ya farfashe ya yi tsami, ƙananan ƙudaje suna bi. Na kira shi, ya ce laifin hanya ne, kuma daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Akwai wata matsalar kuma. Sau biyu ina cewa a kawo alayyafo, sai a kawo mini damin yakuwa da na rama da ɓarin kabewa, a ce abin da aka samu ke nan. 'Ya'yana ba sa son tsami, ni kuma ban taso a gidan da ake yawan dafa rama ba, don haka ganyen ya yanƙwane a kicin har na zubar, abin da ya dame ni fiye da asarar kuɗin.

Abin da nake so in sani shi ne, ta yaya mutum zai gane cewa kayan da aka kawo masa na lambunan nan kusa ne, ba wanda aka sara a kasuwa aka ɗora masa riba ba? Wane sharaɗi ya kamata in kafa wa mai kawowa kafin in tura kuɗi? Sannan ina roƙon iyayenmu mata su koya mini yadda ake tafiyar da kwando guda har ya ƙare ba tare da an zubar ba, ganin cewa wutar lantarkin unguwarmu ba abin da za a dogara da ita ba ce.

Manomin Rani, Dadin Kowa

Wa'alaikumus salam, Malama. Ni manomi ne a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kuma shekara uku ke nan ƙanena yana kai wa wasu gidaje kaya a cikin Gombe, saboda haka zan faɗa miki abin da na sani ko da wani ɓangarensa bai yi wa 'yan sana'armu daɗi ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar mai kawo kaya ita ce ki san lokacin kowane abu. Tumatirin rani ana yafa irinsa ne wajen ƙarshen damina, ya yi kamar wata ɗaya kafin a yi dashe, sannan ya ɗauki fiye da wata biyu kafin a fara tsinka. Idan kika yi lissafi za ki ga ba ya cika kasuwa sai daga ƙarshen Disamba, ya yi ta zuba a Janairu da Fabrairu har zuwa Maris. Wanda aka kawo miki a Oktoba kusan tabbas na damina ne, irin wanda ake nomawa a wurare kamar Bula da ke ƙaramar hukumar Akko. Shi ma na ƙasar Gombe ne, ba a yaudare ki ta wannan fuska ba, sai dai tumatirin damina ruwa ya yi masa yawa, fatarsa ba ta da ƙwari, ba ya jure danniya. Wanda ya san sana'arsa zai gaya miki haka tun kafin ki tura kuɗi, ya ba ki shawarar ki sayi daro maimakon kwando. Haka nan idan wani ya ce dankalin Turawan da ya kawo daga lambunsa na Dadin Kowa ya haƙo shi, ki yi masa dariya, domin wannan daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos da Mangu. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, lokacin da zafi ya ƙone na rani, na damina kuma bai iso ba, yawancin tumatirin da ke gari baƙo ne, shi ya sa yake tsada.

Maganar cewa laifin hanya ne, rabinta gaskiya ce. Tsakanin Dadin Kowa da Gombe bai kai kilomita 40 ba, kuma titi ne, ba wata doguwar tafiya ba ce da za ta narkar da tumatir. Abin da ke fasa shi kwandon ne da kansa. Kwandon gargajiya yana da zurfi, gindinsa tsukakke ne, nauyin na sama duk yana kan na ƙasa, ga tsinkayen saƙar suna huda shi, sannan a ɗaure bakin da igiya a ɗora wani kwandon a kai. A kan wannan sai ki ƙara al'adar da muka gada ta yin fuska, wato a zuba ƙanana da masu rauni a ƙasa, a jera manya a sama. A kasuwar Kwadon babu dillalin da wannan zai ruɗa, don kowa ya san da ita kuma yana cire ta a cikin tayinsa, amma ke da kike gida cinikin biri a sama kika yi. Mu yanzu da kiret na roba muke kai wa gidaje, wanda yake ɗaukar kimanin kilo 25, iska tana ratsa shi, kuma idan an jera su gefen kiret ɗin ne ke ɗaukar nauyi, ba tumatirin ba. Yaron yana juye wa mai gida, ya dawo da kiret ɗin.

Game da sharaɗi, ki ce ba za ki biya duka ba sai an juye a gabanki ko a gaban wanda kika wakilta. Ki tura rabi a matsayin kafin alƙalami, sauran bayan an gani. Ki ce a tsinko miki gauraye, wani ya nuna, wani ya fara ja, wani da sauran kore, domin kada duk ya nuna rana ɗaya. Ki nemi a kawo da sassafe ko bayan magariba, ko da maƙwabciya ce za ta karɓa, saboda ganyen da aka yanka da asuba ya yini a cikin leda a rana ya riga ya mutu kafin ya iso. Kuma ki tambaye shi ranar da ya yi feshi na ƙarshe. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, hannun mutane ya yi nauyi wajen zuba magani, alhali kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Manomi na gaskiya zai ba ki amsa nan take; wanda ya saro a kasuwa zai fara kame-kame, kuma da wannan tambaya ɗaya kin bambance su.

Roƙona ɗaya shi ne kada a sauke fushin a kan yaron da ke kan mashin. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to yaron nan kuɗin aike kawai ake ba shi, bai san abin da ke gindin kwandon ba.

Goggon Yara, Jekadafari

'Yata, sannu da ƙoƙari. Malamin da ya yi magana a sama ya gama da ɓangaren ciniki, ni zan tsaya a kan tukunya, domin a ganina nan ne asararki ta fi yawa. Kin saba ki yanke abin da za ki dafa sannan ki aika a sayo, wanda kuwa yake cin kayan lambun kusa dole ya juya tsarin, ya duba abin da ya shigo gida sannan ya yanke abin da za a ɗora. Yakuwa da rama da kabewar da aka kawo miki ba wulaƙanci ba ne, lokacinsu ne, kaka ce ta shigo. Laifin mai kawowa shi ne rashin sanar da ke tun da dare.

Ranar da kaya suka iso, kafin ki cire mayafi ki shimfiɗa buhu ko babban faifai ki juye. Tumatir kashi uku za ki yi masa. Wanda ya fashe amma bai yi wari ba, ba shi da farin gashi ko baƙin tabo, a daren za a markaɗa shi. Wanda ya yi tsami ko fumfuna kuwa ki zubar, kada tsadar kaya ta sa ki ce wuta za ta kashe komai. Wanda ya nuna amma yana da ƙarfi, ki jera shi a faifai hancinsa a ƙasa, kada wani ya hau kan wani, a wuri mai inuwa da iska. Mai sauran kore ki ajiye shi daban, zai biyo baya da kansa. Kada ki wanke ko ɗaya sai za ki yi amfani da shi, don danshi ne ke jawo ruɓa. Albasa ki zazzage ta daga leda ki baza, kuma kada ki haɗa ta wuri ɗaya da dankali.

Markaɗen daren farko ki haɗa da tattasai da attarugu da albasa, ki zuba a tukunya mai faɗi ba tare da kin rufe ba, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, ya koma kauri yana tsalle yana kama gindin tukunya, launinsa ya tashi daga ja mai haske zuwa ja mai duhu. A nan ne tsamin yake mutuwa, ba sai kin cika kanwa ba. Sai ki soya shi da mai da gishiri har man ya taso ya rufe samansa. Idan babu wuta, ki riƙa ɗumama shi sosai safe da yamma, kina ɗiba da busasshen cokali, zai kai ki kwana uku ko huɗu. Da wannan soyayyen za ki yi dafa-duka a cikin rabin awa bayan kin dawo daga makaranta.

Ganye shi ne ba ya jira, don haka shi za ki fara ci. Alayyafo ki nannaɗe shi a cikin tsumma mai danshi, ki dafa shi a rana ta farko ko ta biyu. Yakuwar da kike gudu, yara ba sa ƙin ta don kanta, yawanta suke ƙi. Ki gyara ta, ki zuba a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ki tsiyaye wannan ruwan na farko, to rabin tsamin ya tafi. Sannan ki yi miyar taushe yadda ya kamata: ki dafa kabewar tare da nama mai ƙashi da albasa da daddawa har ta yi luguf, ki dame ta da ludayi, ki zuba soyayyen kayan miyanki, ki kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa ki zuba, ki rage wuta ki bar ta ta dahu har ƙarnin gyaɗar ya fita, daga ƙarshe ki sa alayyafo da yakuwa cikin tafin hannu ɗaya kawai, ki sauke ganyen yana da sauran korensa. Zaƙin kabewa da maiƙon gyaɗa su ne ke riƙe tsamin. Ki ba su da masa ranar Asabar, ki zo ki ba ni labari. Jikokina da suka taso a Abuja suna cewa ba sa cin ganye, amma kwanon taushe ba ya kwana a gidana idan sun zo hutu.

Rama kuwa ki tsinke ganyen, ki dafa har ya yi laushi, ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki matse da hannu sosai. Ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono da gishiri, ki yanka albasa da ɗanyen tumatir, ki zuba man gyaɗa kaɗan ki cakuɗa. Wannan kwaɗon shi kaɗai abincin rana ne. In kuma kina da tsakin masara, ki yi fate ki zuba ramar ko yakuwar a ciki da wake. Abin da ya rage na ganyen kada ki zubar: ki baza shi a inuwa, ba a rana ba, ya bushe, ki ɗure a gwangwani mai murfi. Haka ake yi wa zogale da karkashi. Kabewa in ba a yanka ta ba tana wata da watanni a ƙarƙashin gado, don haka ki ce a riƙa kawo miki ƙarama guda maimakon ɓari.

Sai maganar kauɗa, wadda 'yan matan yanzu suke rainawa. Idan sanyi ya kankama tumatir ya yi araha, ki sayi mai tsoka irin wanda ake kira UTC, ki yanka shi biyu ko huɗu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu, ki rufe da tsohon gidan sauro wankakke saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Cikin mako guda zai bushe ƙayau. Bambancin taki da ta kasuwa shi ne taki ba a kan ƙasa aka shanya ta ba, ba za ki ci yashi ba. Ranar da tumatir ya zama gwal a watan Yuni, sai ki jiƙa ta a ruwan ɗumi, ki wanke, ki markaɗa da tattasai da albasa mai yawa.

Baban Sadik, Bolari

Ina neman afuwar Goggo da Malam manomi, amma ni ina da ja a kan tushen maganar. Na gwada wannan tsari na wata biyar na daina, kuma dalilina lissafi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin aike ya zama wani cefanen mai zaman kansa. Idan kayan da kika saya ba su da yawa, abin da za ki ba mai mashin zai iya kai kwatan kuɗin kayan, kuma ba a yi miki gyara, ba ki taya ba, ba ki zaɓa ba. A kasuwa ina ɗaga tumatir in matsa shi, in fasa kan kuɓewa in ji ko ta tsufa, in sinsina attarugu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, hoto a waya kuwa bai san komai ba. Wanda nake saye a wurinsa hotunan lambu yake turowa kullum, sai wata safiya na gan shi da idona a layin 'yan gwari yana sarin abin da zai kawo mini da rana.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mai kayan miyan bakin layinmu shekara goma muna tare, idan wata ya yi nisa yana ba iyalina bashi, a biya idan albashi ya shigo. Mai kawowa gida sai ya ga shigar kuɗi a asusunsa kafin ya motsa. Ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023 shi ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, na yarda an samu sauƙi, amma sauƙin ya fi karkata ga mai sayarwa.

Duk da haka na fahimci halin da Malama take ciki, wanda ba shi da lokaci ba za a ce masa ya je kasuwa ba. Idan dole ne, kada ta saya ita kaɗai. Ta samu gidaje huɗu ko biyar a layinsu su haɗa kuɗi, a kawo babban kaya sau ɗaya a mako, a raba kuɗin aike, a kuma samu wata wadda take gida ta tsaya a kan juyewa da rabo. Mai kawo kaya yana iya yin wasa da gida ɗaya, amma zai yi tunani kafin ya ɓata da gida biyar a rana guda. Albasa kuwa ta yi haƙuri da saye da yawa yanzu, domin ƙarshen shekara ne lokacin tsadarta; ta jira sabuwa ta fito wajen Fabrairu da Maris.

Adda Ma'aikaciyar Jinya, Shongo

Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da Goggo ta faɗa. Kasancewar kaya na kusa ne kuma sabo ba ya nufin yana da tsabta. Ana zuba takin dabbobi da kashin kaji a lambu, wasu ƙananan lambunan bakin gari kuma da ruwan kwata ake ba su ruwa. Abin da za a dafa ba shi da matsala sosai, amma latas da kabeji da karas da tumatirin kwaɗo, waɗanda ake ci ɗanye, a ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a jiƙa a ruwan da aka sa wa ruwan khal, sannan a ɗauraye. A lokacin da ake fama da amai da gudawa a gari, gara a haƙura da ɗanyen ganye gaba ɗaya.

Game da rashin wuta, ƙanwata, ki gwada randa cikin randa. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshen yanayi irin wanda muke shiga yanzu, a damina kuwa ba ta cika sanyi ba. Ni a cikinta nake ajiye tattasai da karas da yalo.

Maman Ilham, Tumfure

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna. Na bi shawarar Baban Sadik, mun haɗu mu huɗu a layinmu, kuma wata dattijuwa da ke maƙwabtaka da ni, wadda ba ta fita, ta karɓi aikin tsayawa a kan rabo. Mai kawo mini na farko da na tambaye shi ranar feshi, sai ya ce zai tambayo, har yau bai dawo da amsa ba, don haka muka koma wurin wani da ɗaya daga cikinmu ta sani, wanda ya yarda da biyan rabi da kuma juyewa a gaban mai karɓa. Ba shi da kiret, amma a daro biyu ya kawo, kuma abin da muka ware na fasasshe bai cika kwano ɗaya ba. Ta ɓangaren kuɗi ba zan ce ya fi kasuwa araha ba, kusan ɗaya ne idan aka haɗa da na aike, sai dai ban fita ba, kuma kayan sun fi kwana.

Goggo, na yi taushen ranar Asabar da masa kamar yadda kika ce. Babbar ta ci ta ƙara, ƙaramin ya tsince ganyen ya jera a gefen faranti amma ya shanye miyar. Kwaɗon ramar ne bai yi ba, ya yi ruwa kuma da ɗan ɗaci, ina jin ban matse shi sosai ba. Maigidana ne ya cinye shi, ya ce ya tuna masa da gidan kakarsa a Dukku.

Saura tambaya ɗaya ga Malam manomi: muna so mu yi kauɗa mu huɗun, kowa kiret ɗaya. Yaushe ya fi dacewa mu saya?

Manomin Rani, Dadin Kowa

Ku jira tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu, Malama, lokacin da kaya suka cika kasuwa kuma iskar hunturu tana nan da ƙarfinta, domin idan kuka kai ƙarshen Maris tumatirin ya fara ƙanƙancewa, kuɗinsa kuma ya fara hawa. Ku gaya wa mai kawo muku tun mako guda kafin ranar cewa na shanya kuke so, ya zaɓo mai tsoka wanda ya nuna sosai, ba gauraye ba kamar na miya. A kawo ranar Juma'a da yamma ku yanka da safiyar Asabar, tunda ranar kina gida. Ku tanadi tabarma biyu ga kowane kiret, don yankakken tumatir yana cin wuri fiye da yadda ake zato, kuma kada ki tsorata idan kika ga kiret guda ya koma abin da bai fi cikin ƙaramin bokiti ba.